Kabo Madugu da Horon Yamai

Kabo mutumin Jiratawa ne, amma a Maraɗi aka san shi, wajen sikelin gyaɗa. Tun yana saurayi yake korar jakai, yana ɗauko buhuna daga ƙauyuka zuwa kantunan Turawa. Bayan ambaliyar da ta sa gari ya koma tudu, masu jakai suka yi yawa, kamfanin sayen gyaɗa ya riƙa juya su yadda ya ga dama: yau a karɓi kayanka, gobe a bar ka tsaye cikin rana. Kabo ne ya bi su ɗaya-ɗaya, na Jiratawa, na Tsibiri, na cikin gari, har suka zama ƙungiya. In jakin wani ya mutu, a taru a tsaya masa. In mai sikeli ya zagi mutum guda, duka su sauke kaya su zauna. Madugu suke ce masa.

Wata shekara, gab da kaka, Maliki tafintan kumandan, Baturen da ke mulkin gari, ya same shi a kasuwa.

"Madugu, gwamnati ta buɗe horo a Yamai, na shugabannin ƙungiyoyi. Kumandan da bakinsa ya faɗi sunanka."

"Yanzu da gyaɗa ke shirin fitowa?"

"Lokacin da suka sa ke nan. In ba ka so, a ba wani."

Matarsa Tasalla ba ta yarda ba. Ta ce, "Maigida, tun yaushe kumandan ya fara son ka? Ba shi ya sa aka tsare ka bara ba?" Kabo bai saurare ta ba. Ya damƙa ƙungiya hannun Gado, mataimakinsa, ya hau mota.

Horon kuwa na gaske ne. Wani malami ɗan Sanagal ya koya musu yadda ake tafiyar da taro kowa ya samu bakin magana, yadda ake ƙulla yarjejeniya da kamfani gaban shaidu, yadda shugaba ke shirya na bayansa. Kabo bai iya karatu ba, a gaba yake zama, kusa da mai fassara. Ran da malamin ya ce ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya ba ta daɗewa, Kabo ya kasa cin abinci. Ya nemi a sallame shi ya koma gida. Aka ce sai an gama.

Da ya dawo Maraɗi, manyan motoci ya tarar jere bakin kanti. Tafiyarsa ke da wuya kamfani ya kawo su, ya kira masu jakai ɗaya bayan ɗaya. Masu ƙarfi aka ɗauke su lodi, Gado ya zama shugaban leburori, sauran suka fara kai jakansu kasuwa.

Kabo ya sami Gado tsaye kan buhuna.

"Haka muka yi da kai?"

"Yaya, me kake so in yi? Ba ka taɓa barin waninmu ya tsaya gaban Bature ba, kullum kai ne. Da suka kira ni, ko ta inda ake farawa ban sani ba."



Duk da haka Kabo ya kira taro. Tsofaffi kaɗan suka zo. Ya zayyana musu abin da ya koyo, suka saurara har ƙarshe, sannan ɗayansu ya kakkaɓe riga ya ce, "Madugu, magana ta yi kyau. Jakina dai na sayar."

Maliki ya yi ta rantsuwa cewa horon da zuwan motoci haɗuwar lokaci ce kawai, babu wanda ya shirya. Kabo bai taɓa samun tabbaci ba. Daga baya mutanen biro, wato ofishin kumandan, suka riƙa aiko masa duk sanda manyan baƙi suka zo, a sa shi babbar riga, a nuna shi a ce ga shugaban da gwamnati ta horar. Da ya ga abin ba ya ƙarewa, ya daina zuwa.

Ya koma Jiratawa yana noman albasa a fadama. Ya yi ƙoƙarin haɗa masu lambu su ma su zama ƙungiya, suka ce ba su bin mutumin kumandan. Ya rasu kafin Turawa su tafi, bai sake shugabantar kowa ba.