Ranar da Malam Tamimu Ya Wanke Hambali

Malam Tamimu bai cika shekara ashirin da biyar ba lokacin da malaminsa a Zangon Kumasi ya tura shi New York aikin da'awa, a shekarar 2014. 'Yan Gana mazauna unguwar Morris Heights da ke yankin Bronx ne suka roƙi a aiko musu matashi mai karatu. Murya kam Allah ya ba shi, in ya ja ƙira'a har mai sauri sai ya rage tafiya. Ya hau jirgi yana ganin kafin shekara ta zagayo ya musuluntar da rabin Bronx.

Da ya iso sai ya tarar masallacin ɗaki ne a ƙarƙashin bene, makwancinsa kuma labule ne kawai ya raba shi da wurin ajiye takalma. Mamunsa direbobin tasi ne da masu jinyar tsofaffi, su shigo a guje, su fita a guje. Yara kuwa ya tambaye su da Hausa, su amsa masa da Turanci. Kullum gabansa na faɗuwa, kada wata rana a ce zaɓen tumun dare aka yi.

Ran Talata yakan hau jirgin ƙasa zuwa titin 125 a Harlem, ya yi wa masu tebur wa'azi. Duk cikinsu Hambali ne kaɗai ke sauraronsa, wani dattijo mutumin Maraɗi mai sayar da huluna da laima, wanda yakan ture kaya ya ba shi wurin zama, ya miƙo masa shayi.

Wata safiya cikin tsananin sanyi, Alhaji Tahiratu shugaban kwamitin masallaci ya ɗaga labulen.

"Malam, Hambali ya rasu a asibiti. Ba shi da kowa nan sai mu. Funeral home, gidan shirya gawa, sun ba mu two hours gobe da safe. Ka shirya, akwai wanka."

Tun da uwarsa ta haife shi Tamimu bai taɓa taɓa gawa ba. A Zango wannan aikin dattawa ne, samari nasu haƙa kabari da ɗaukar makara. Babin jana'iza yana kansa tsaf, amma karatu daban, aiki daban. Kuma wanka ne da ba a maimaitawa: in ya ɓata, haka bawan Allah zai tafi ga Ubangijinsa. Ya wuni bai iya cin komai ba. Daga baya ya lallashi kansa cewa ai manya na nan, su za su yi, shi ya tsaya gefe yana addu'a.

Washegari suka shiga ɗakin wankan gawar su uku, shi da Alhaji Tahiratu da Baba Abdul-Fatawu, ladanin masallacin. Ma'aikaciyar gidan ta nuna musu tiyo da safar hannu, ta nuna agogon bango, ta ja ƙofa. Ga Hambali kwance kan tebur na ƙarfe, an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ga garin magarya, ga kafur, ga likkafani. Aka yi tsaye cirko-cirko, kowa na jiran wani.

"Bismillah, Malam," in ji Alhaji.

"Baba, ku ne manya. Ku fara, ni sai in zuba ruwa."

Dattawan suka kalli juna. Tamimu ya ga ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ya sunkuyar da kai ya ce bai taɓa yi ba.

"Ei!" Alhaji ya dafe bango. Can ya ce, "Ni na bar Kumasi ina twenty-two. Babana ya mutu ina cikin taxi a Manhattan. Mamana ma ta waya na ji. Mu ma ba mu taɓa yi ba, tsohon da ke mana wannan aiki ya koma gida bara. Kai kana tsammani wa'azi muka rasa? Wa'azi ya cika cikin phone, Malam."

Agogo na ta tafiya. Tamimu ya tabbata babu wani mai shigowa ta ƙofar nan ya cece shi. Ya naɗa tsumma a hannu. Da ya taɓa kafaɗar Hambali, sanyin firji ya ratsa shi har ƙashi, saura kaɗan ya fita da gudu. Ya runtse ido ya soma karanto babin da ƙarfi, jimla-jimla, yadda ya haddace shi yana yaro, suna bi da hannuwansu. Suka suturta al'aura, suka yi masa alwala, suka fara da dama. Baba Abdul-Fatawu ya riƙa gwada ɗumin ruwan da gwiwar hannu, kamar za a yi wa jariri wanka. Sau biyu Tamimu na rikicewa yana komawa farkon jimla, zufa na zubo masa cikin wannan sanyi. Suna ɗaure likkafani ma'aikaciyar ta ƙwanƙwasa.

A hanyar maƙabarta, Tamimu na ta bitar wankan a zuci, yana tsoron ko ya tsallake wani abu. Baba Abdul-Fatawu ya matso kusa da kunnensa.

"Malam, in nawa ya zo, kar ka bari a kai ni wurin wani. Kuma ruwan ya yi ɗumi."

Da la'asar Tamimu ya sallame salla ya juyo ya fuskanci mamu. Bai taɓa lura ba sai ranar: sahun gaba kakaf furfura ce. Kowannensu ya miƙo masa hannu biyu, ya riƙe nasa ya daɗe bai saki ba.