Faifan Maigida a Gonar Gero

Har gobe ban manta da ranar da ni da maigidana muka shiga gonar gero neman kayan aiki ba. Ku da kuka zo shagon nan kuka tarar da filash na sokawa a kwamfuta a aljihun kowa, ku zauna ku ji yadda aka yi ya samu shiga.

Lokacin ina shekarata ta biyu a hannun Malam Hamisu, mai gyaran kwamfuta a bakin kasuwar Batsari. Gwani ne, amma Allah Ya yi shi da rowar ilimi. Yana da wani faifan gyara wanda idan kwamfuta ta ƙi tashi, sai a sa mata shi ta tashi daga kansa, a shiga cikinta a kwaso kayan mutane kafin a yi mata wankan tsarki, wato a goge komai. Na sha roƙonsa mu juye faifan a filash, tunda sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa faifai. Kullum amsarsa ɗaya ce, wai ranar da na mallaki abin da ke cikin faifan nan, ranar zan buɗe shago a gabansa. Ko inda yake ɓoye shi ban sani ba.

Ƙarshen damina, gero ya fara nuna, sai ga Alhaji Mamman, wani dattijon mahauci daga Safana, ya sauka daga babur rungume da laftof a cikin buhun shinkafa. Bayan an gama gaisuwa ya ce ta 'yarsa ce, kuma hotunan aikin hajjinsa duk suna ciki. Wayar da aka ɗauke su da ita ta daɗe da faɗawa rijiya. Yanzu ita ma laftof ɗin ta ƙi tashi, kuma wani mai gyara ya ce sai dai a goge komai.

"Taubashina ne ya hana ni sakat," in ji shi. "Kullum a mahauta sai ya ce wai a Jidda na tsaya, haƙorin Makka ma a Katsina aka sa mani. So nike in liƙa mashi hoton a goshi."

Muka yi dariya. Na juya laftof ɗin, babu wurin faifai. Na dubi Maigida, shi ma ya dube ni. Ya ga dai babu makawa sai filash, ya yi tsaki ya nufi bayan kanta. Can sai na ji yana salati ƙasa-ƙasa.

Ashe a cikin kwalin matattun faya-fayai yake ɓoye shi, don ya san ko kallon kwalin ba na yi. Abin da ya manta shi ne mahaifinsa. Duk shekara idan gero ya fara nuna, Baba kan zo daga Wagini ya kwashi matattun faya-fayan nan ya rataye a gona, ƙyallinsu ya riƙa korar tsuntsaye. Ranar kasuwar da ta wuce ya zo Maigida ba ya nan, ya ɗauki kwalinsa kamar yadda ya saba. Ni na ma ɗaure masa shi a babur.

Maigida ya ce wa Alhaji ya zauna ya sha shayi, za mu je ɗauko wani kayan aiki a reshenmu. A kan babur na tambaye shi yaushe muka buɗe reshe a Wagini. Ya ce in na ƙara magana a nan zai sauke ni.

Mun tarar da gonar tana walƙiya kamar ɗakin amarya. Faya-fayai ko'ina, suna lilo a kan igiya. Wasu Baba ya huda su da ƙusa mai zafi, kuma duk wanda aka huda ya gama aiki har abada. Maigida na ganin haka gumi ya karyo masa. Muka rabu, muna bin kunya-kunya muna juya faifai muna duba bayansa, ƙaiƙayin gero na cin wuyanmu. Ni na gano shi a kusa da wata tsamiya. Allah Ya taimaka, ta ramin tsakiya aka zura masa igiya, sai dai tsuntsaye sun bar masa shaidarsu.

Ina kwancewa sai ga Baba da sandarsa. Ya ce duk gonar babu mai aiki kamar wannan, shi ne tsuntsayen jan-baki ke tsoro. Maigida ya durƙusa yana bayani, cewa faifan nan shi ne rabin shagonsa.

"Rabin shago, ka aje shi cikin shara?" in ji Baba. "To aro na ba ka. Gerona bai san kwamfuta ba."

Da muka koma, na wanke faifan da ruwa da sabulu, na goge da tsumma mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Aikin hawa biyu ne. Da farko a sa faifan a tsohuwar kwamfuta mai wurin faifai, a kwafe shi gaba ɗayansa ya zama dunƙule guda. Sannan a yi amfani da wata 'yar manhaja ta rubuta dunƙulen a filash yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kansa. Kwafewa da liƙawa kawai ba ya yi. Kuma ku sani, aikin nan yana cinye duk abin da ke cikin filash ɗin. Nawa aka yi amfani da shi, waƙoƙina suka tafi sadaka.

Kwafin farko ya kai rabi ya tsaya cik, saboda wani ƙarce da igiya ta yi. Alhaji ya daina barkwanci, ya ajiye kofin shayi. A nan na fara zargin ba taubashi ne ya kawo shi ba. Maigida ya aika aka sayo man goge baki, ya shafa a kan ƙarcen a hankali, ya wanke. Kwafi na biyu ya tafi yana ɗingishi har ya kai ƙarshe.

Na rubuta dunƙulen a filash, na soka shi a laftof, na kunna, na danna maɓallin da ke ba ka zaɓin inda za ta tashi. Ta tashi. Hotuna suna nan lafiya lau, da wani ɗan bidiyo a cikinsu. Alhaji ya ce in buɗe shi. Wata dattijuwa ce cikin farin hijabi, masallaci a bayanta, tana dariya tana cewa, "Alhaji, riƙe wayar nan daidai mana, kana yanke mani kai."

Matarsa ce. Ta rasu bayan dawowarsu da 'yan watanni. Ya ce in maimaita, na maimaita. Ya sake cewa in maimaita. Ni dai tausayi ya kama ni har na kasa dubansa. Maigida ya tambaye shi a hankali wane hoto za a wanke wa taubashin.

"Ƙyale shi ya ce ban je ba," in ji Alhaji, yana share ido da bakin rawani. "Wadda muka je tare ta sani."

Washegari Maigida ya sayo filash ya ce in juye masa nasa, in riƙe nawa, in ma shagon zan buɗe in buɗe. Faifan kuwa ya koma bakin aikinsa a Wagini, don Baba ya aiko tun da safe.

Shi ya sa a shagon nan ba a ɓoye kayan aiki, kuma ba a goge kwamfutar kowa sai an gwada tayar da ita da filash. Mai kawo gyara ba kullum yake faɗin abin da ya zo nema ba. Wani zai ce maka hoto yake so don ya rufe bakin taubashi, alhali muryar matarsa ya ɗauko a buhun shinkafa.