Dutsen Niƙana Ya Tafi Kamun Kifi

Na fito da wanki a hannu, babu igiyar shanya. Na leƙa kicin, dutsen niƙan da Mama ta bar mini ma babu.

Ashe maigida ne, da ya yi ritaya ya sayi kwalekwale. Ya ɗaure dutsena da igiyata, wai su za su tsayar masa da jirgi a tafkin tsohon ramin kuza.

Ya dawo hannu rabbana. Na ce, "Baban Ladi, ina dutsena?"

Ya ce, "Igiyarki ce gajera. Dutsen bai kai ƙasa ba, sai na sake shi ya ƙarasa."

Ramin da injin Turawa ya haƙa, shi zai auna da igiyar shanya! Jama'a, ku faɗa mini, da me zan niƙa tattasan miyar kifin da bai kamo ba?