Robar da Na Ɗaure Ƙyauren Awaki

Daminar shekarar nan ta yi jinkiri, maigida ya kora dabbobi arewa wajen Tagriss, gida ya rage daga ni sai awaki uku. Abin da ya faru a cikinta kuwa ba zai fita raina ba har in koma ga Allah.

Ɗiyata ta fari tana wasan ƙwallon hannu a Yamai, har ana zancen za a zaɓe ta cikin masu wakiltar ƙasa. Da ta zo hutu na ji daɗi ƙwarai, amma ban nuna ba. Ƴar fari ce. Ko sunanta ba na kama, sai dai in ce "ke". Kullum da safe sai in ga ta ɗaura wata doguwar jar roba a jikin itacen bedi, tana ja a hankali, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. A raina na ce wasan ƴan birni ne.

Ana nan awakina suka dame ni da ture ƙyaure suna faɗa wa geron maƙwabta. Wata rana ta tafi rijiya, na ga robar a rataye, na yanka ta biyu na ɗaure ƙyauren tam. Da ta dawo ta tsaya ta dubi ƙyauren, ta dube ni, ta sauke tulu. Sauran hutun duka ita ta karɓe mini daka da ɗiban ruwa, da hannun nan na dama da take jifa da shi. Ni kuwa ina ta sa mata albarka a zuci.

Ba ta daɗe da komawa ba ƙawarta ta kira ni a salula, ta ce kafaɗar ɗiyata ta goce a ranar zaɓe, likita ya ce sai ta yi watanni ba ta jefa ƙwallo ba. Sauran sun tafi sun bar ta.

Da la'asar ina sharar ɗakinta na tsinci wata takarda mai hoton mace tana jan roba. Faransanci ne, amma ɗiyata ta rubuta Hausarsa a ƙasa. Na zauna ni kaɗai ina haɗa baƙaƙe yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci. Mai horar da su ne ya ce a yi kullum, kada a tsallake, don shi ke riƙe kafaɗa. Na karanta har sau uku, ba kowa a gidan da zan nuna wa.

Na kira ta na ce, "Ke, me ya hana ki faɗa mini?"

Ta ce, "Inna, gani na yi tun da kika ɗaure awakinki ba su sake ja miki magana ba."

Ranar na gane kunyar da muke yi wa juna ita ta ji mata ciwo. Abin da ban sani ba a hannun ɗiyata, tambaya ya kamata in yi.

Washegari na kwance robar, na wanke, na bar wa maƙwabciya awakin, na nufi tasha. Da na isa bakin ɗakinta a Yamai, sunanta na kira.