Ranar da Ƙofar Baba Kunne Ta Yi Shiru

A layinmu ba mai tuna sunansa na yanka, Baba Kunne kowa ke ce masa. Gyaran rediyo ne sana'arsa, amma shekara talatin ke nan ba abin da ya ɗauke masa hankali kamar tara ƙara. Ɗigar famfo, tarin injin niƙa, murfin tukunya in ya faɗi yana rawa a ƙasa, duk sai ya naɗe a kaset, ya yanka, ya liƙa, ya ce waƙa ce. Waƙar da ba mawaƙi, ba makaɗi. Mu maƙwabta har cewa muke ko akuya za ta yi atishawa sai ta waiga, kar ta tsinci kanta a kaset.

Kwatsam wata mata mai zauren nuna fasaha ta zo ta saurara, kuma ba ta yi dariya ba. Ta ce ya kai aikinsa ran Asabar a sa wa jama'a. A makon ne kuma likita ya fasa masa ƙwai: kunnen hagu ya riga ya tafi, na dama yana haɗa kaya, kuma ba zai yi sallama ba.

Abu ɗaya ya rage masa ya naɗa, kukan ƙofar ɗakinsa, da shi zai rufe waƙar. Ƙofar nan murya uku gare ta: ta fara da gurnani, ta koma kukan jariri, ta ƙare da ajiyar zuciya. Ya daɗe yana ja mata rai, wai tsatsar ba ta nuna ba. Yanzu kam ba lokacin jira.

Ran Alhamis da azahar aka ɗauke wuta, injin niƙa ya mutu, gida ba kowa. Ya sa sabon batir a rakoda, ya danna, ya tura ƙofa.

Bai ji komai ba.

Ya jawo ta, ya sake turawa. Ido na ganin ƙofa tana tafiya, kunne bai shaida ba. Tafi ɗaya zai raba gardama, amma hannuwan suka ƙi haɗuwa. Ko gyaran murya ya kasa, don kar ya yi, ya ji bai ji ba. Ya tsaya nan riƙe da ƙofa, numfashin ma a sace yake yin sa.

Can sai fat, fat, fat daga soro. Silifas ɗin jikarsa ne, wadda ke aikin jinya, ta taso daga asibiti.

"Tsoho, lafiya ka tsaya kamar an dasa ka?"

"Sake faɗa."

"Na ce lafiya?"

Ya zauna a bakin ƙofa. "Amarya, me ya sami ƙofar nan?"

"Au, ashe ka lura. Man keke na ɗiga mata da safe. Ta ishe ni da kuka."

"Shekara goma sha ɗaya ina kiwon tsatsar nan."

"Ayya. Da ka ce kiwo kake, ai da dusa na ba ta."

Ya buɗe baki zai sauke mata kwandon faɗa, sai idonsa ya kai kan rakoda. Kaset na ta juyawa, tun ɗazu bai kashe ba.

Ran Asabar, waƙar Baba Kunne ta ƙare da shiru na minti guda cur, har mutane suka fara gyara zama suna duban juna. Shi kuwa yana gaba, ya karkata kunnen dama, yana jiran silifas.