Baba Labo da Tsutsotsin Cikin Dutse

Kullum bayan sallar asuba, kafin ya taɓa kunu, Baba Labo na Gidan Sori sai ya zagaya ya duba duwatsunsa. Jere suke a gindin katanga, kowace rijiya da layinta, daga dutsen sama har na ƙasa. Shekara arba'in yana ginar rijiya, bai taɓa fitowa ba tare da dutse a aljihu ba. Mu kuwa tsiya muke yi masa, wai kowa na kiwon awaki, shi yana kiwon duwatsu.

A jikinsu akwai 'yan ramukan da suka daskare, wasu tsaye kamar kara, wasu kwance suna lanƙwasa. Wata malamar jami'a ta ce sawun tsutsotsi ne da suka rayu a ƙarƙashin ruwa, tun wurin nan yana teku. Baba ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi bai taɓa ganin teku ba, amma tsutsotsin sun daɗe suna yi masa jagora.

Bara waccan muka shiga taitayinmu. Rugar Ardo Hayatu ba ruwa, shanu sun fara faɗuwa, rijiyar da ake gina musu ta kai gaba ashirin a bushe. Sai ga dutse mai zane-zane ya fito. Aka ce rubutun iskoki ne, a cike ramin, ruga ta tashi. Baba ya ji labari ya zo, ya tofa wa dutsen yawu, ya goge da babban yatsa.

"Ardo, ba ni kwana ukku. Waɗanga na kwance masu son laka ne. Ƙarƙashinsu na tsaye suke, masu son rairayi, can ruwa yake."

Kowa ya ja baya, sai Ardo da kansa ya riƙe igiya, Baba ya sauka ya ci gaba da gina. Ran na uku guga ya fito da rairayi jiƙe sharkaf. Ina wurin, guɗar matan ruga ta kusa toshe mini kunne.

Kai ne, Baba, mai karatun da ba allo. Yau gwiwa ta ce ta gaji, ka rataye igiya. Mun gode, Allah ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da mu. Ku kuma masu ginar yanzu, ku je ku tsuguna gindin katangar nan tun malamin yana da rai.

Dutsen iskokin kuwa yana bakin rijiyar Ardo, a kansa mata ke ajiye tulu.