Idon Baba Kwalba

Shekara talatin da ɗaya yana ɗakin gwaji na kwalejin, amma ka tambayi ɗalibai sunansa na yanka, sai su yi ta sosa ƙeya. Baba Kwalba kawai suka sani. Shi ke wanke kwalabe, shi ke haɗa sinadarai, lakcarori kuma su zo su ci suna.

Gwajin da yake ji da shi na 'yan shekarar farko ne. Ruwa ne a kwalba siririya: a tsoma a ƙanƙara ya koma ruwan hoda, a tsoma a ruwan zafi ya koma shuɗi. Da shi ake nuna wa yara daidaito, wato sinadaran ciki ba tsayawa suke yi ba, wasu na komawa nan, wasu can, daidai wa daida, sai zafi ko sanyi ya rinjayar da su gefe guda. Sirrin yana wajen haɗi. Ana ɗiga asid a hankali har launin ya tsaya tsakani, kuma Baba bai taɓa aunawa ba. Da ido yake yi, yana alfahari da hakan har ya ba mutane haushi.

Sai yanar ido ta fara rufe masa gani. Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Saura shekara biyu ya yi ritaya, ya kuma san wanda ba ya gani ba a barinsa da kwalbar asid. Tsoron kora ya hana shi sakat. Ya koma ƙirga ɗigo a zuci, yana fatan hannu ya tuna abin da ido ya manta.

Ranar gwajin, Malama, wadda ta yi ɗalibta a ɗakin nan kafin ta dawo koyarwa, ta tsoma kwalbar a ruwan zafi. Ɗalibai sittin suka zuba ido. Minti ɗaya, biyu, ruwan hoda ko gezau.

Baba yana gefe, ya ƙiyasta lokaci ya yi, ya ɗaga murya kamar yadda ya saba: "To ku gani, 'ya'yana! Ga shuɗi nan!"

Da ma sun yi dariya, da ya fi sauƙi. Ajin ya yi tsit, har ana jin tafasar ruwa.

Bayan an watse Malama ta tura ƙofa.

"Baba, tun yaushe?"

"Wata bakwai, 'yata."

"Kuma kana zuba asid a haka? Idan ya fantsamo maka fa? Ko wa yaran mutane?"

Ya san gaskiyarta.

"Dole in sanar da ofis, Baba. Wallahi ba a son raina ba."

"Ki sanar. Ni ma da ni ne ke, haka zan yi."

Ta tattara takardunta. Har ta kai bakin ƙofa ya kira ta, yana laluben gefen tebur.

"Malama, daga baya dai... ya juya? Ko da kaɗan?"

Ta dubi kwalbar da ke cikin ruwan da ya huce, launinta yadda ya haɗa ta tun safe.

"Ya juya, Baba," ta ce. "Shuɗi sosai."